Ɗan Hakin Da Ka Raina: Tarihin Malamin Asibiti Da Komawarsa Aji

 

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi aikin jinya shekara 35 kafin ta yi ritaya. Fiye da rabin shekarun nan a asibitocin ƙauye ta yi su, inda babu likita sai ita da mai ba da kati da mai gadi. Kwanakin baya muna hira na tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala a aikin. Na ɗauka za ta ce aikin dare, ko albashin da ba ya kai wata. Sai ta ce a'a, ranar da ta fi yi mata nauyi ita ce ranar da aka tara su bita a hedikwatar ƙaramar hukuma, aka gaya musu cewa kulorokwin, maganin zazzaɓin da ta shekara ashirin tana bayarwa, ya daina kashe ƙwayar cutar a jikin yara da yawa. Ta ce a wurin ta zauna tana tuno yaran da ta sallama da shi a daminar da ta wuce, tana tambayar kanta nawa ne a cikinsu suka koma gida da maganin da bai yi musu komai ba.

Wannan magana tata ce ta sa na bi sawun tarihin abin. Tun yaushe aka fara koya wa ma'aikacin jinya ya duba zazzaɓi da gudawa da ƙuna da sara shi kaɗai, ba tare da likita a kansa ba? Yaushe kuma aka gane cewa karatun da ya yi a makaranta yana tsufa, dole lokaci-lokaci a mayar da shi aji?

ZAMANIN EN'E DA ASIBITIN SHA-KA-TAFI

Kafin zuwan asibiti ƙasar Hausa tana da masu kula da ƙananan cututtuka da raunuka. Wanzami yana yin ƙaho, ya fasa maruru. Maɗori yana gyara targaɗe da karaya. Ungozoma tana yanke cibiya, mai magani yana ba da sassaƙe da jiƙo. Dukkansu a gida suke gadon sana'ar, ɗa ya koya a hannun uba, kuma abin da kaka ya yi shi jika zai yi.

Da Turawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, likitocin da suka zo da su na sojoji ne da ma'aikatan gwamnati. Talaka bai fara ganin maganin Bature sosai ba sai ta hanya biyu. Ta farko asibitocin mishan, irin su na Vom da aka kafa a 1922, da na Garkida inda mishan ta sauka a 1923, da na Wusasa kusa da Zariya. Ta biyu kuma ɗakunan shan magani na En'e, waɗanda aka fara bazawa a gundumomi wajen 1930 da kuɗin baitulmali. Su ne mutane suka raɗa wa suna asibitin sha-ka-tafi, don ba a kwantar da kowa. A 1930 ɗin aka buɗe makarantar koyon aikin magani a Zariya, a 1932 kuma aka buɗe makarantar koyon tsafta a Kano, wadda take yaye duba-gari.

Don a gane nauyin da ke kan malamin sha-ka-tafi, sai a tuna cewa likita na farko ɗan Arewa, Dakta Barau Dikko, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa a yau, sai a 1940 ya fara aiki. Likitocin da ake da su 'yan kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suke zaune. Saboda haka ga mutumin ƙauye, wannan malami mai farar riga shi ne likita, kuma da sunan da ake kiransa ke nan.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai kwinin na zazzaɓi, da aidin da auduga da bandeji, da man shafawa na ƙazwa, da maganin ɗigawa a ido, da manyan kwalabe na maganin ruwa, wannan na tari, wancan na ciwon ciki. Yawancin aikinsa na safe wankin gyambo ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fenisilin ta iso, mutane suka ga ciwon da ya shekara yana cin mutum ya warke da 'yan allurai. Daga nan allura ta samu sarautar da har yau ba a gama sauke ta ba, har ta kai wanda aka ba ƙwaya kawai yana fita yana cewa ba a duba shi ba.

Wannan malami sau ɗaya ake horar da shi. Bayan nan ƙarin iliminsa ya dogara ne ga ranar da likitan lardi ya zo rangadi, ya buɗe littafin rajista, ya ƙirga kwalabe, ya duba majinyata biyu ko uku tare da shi, ya gyara masa abin da ya gani. Idan damina ta yanke hanya, sai rangadin ya jira rani. Wanda Allah ya ba ido da natsuwa yakan ƙware da yawan gani. Wanda kuma ya fito makaranta da kuskure, haka zai yi ta maimaita shi har tsufa, babu mai ce masa kul.

NAS TA SAMU DOKA, AMMA AN YI MATA HORON WANI WURI

A 1930 aka yi dokar da ta kafa hukumar ungozomomi a Najeriya, a 1947 aka yi ta rajistar ma'aikatan jinya. A 1979 aka haɗe biyun suka zama Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda har yau ita ke shirya jarrabawa da ba da lasisi. Wannan ya ɗaga darajar aikin ƙwarai, don yanzu akwai manhaja, akwai shekarun karatu, akwai mai hukunta wanda ya yi ba daidai ba.

Sai dai manhajar daga Ingila aka ɗauko tsarinta, kuma an gina ta ne a kan babban asibiti. Ana koya wa nas kula da wanda aka kwantar: ta auna zafin jiki, ta wanke rauni, ta ba da maganin da likita ya rubuta a kan lokaci, ta lura da canji ta sanar. Gano cuta da rubuta magani aikin likita ne. To, sai ga shi ranar da ta gama, takardar aiki ta tura ta garin da likita mafi kusa yana nisan tafiyar rabin yini. Uwa ta shigo da yaro jikinsa kamar garwashi, babu wanda zai rubuta komai. Ko dai ta yi abin da ba a koya mata ba, ko ta ce a tafi birni, alhali ta san babu kuɗin mota. A wannan rami tsakanin abin da aka koyar da abin da aiki ke nema aka yi shekaru ana faɗawa.

LITTAFIN DA YA TSAYA A MADADIN LIKITA

Waɗanda suka fara neman cike ramin da gaske likitocin yara ne, kuma a kudu maso yammacin ƙasar nan abin ya faro. A 1956 wani likita ɗan Ingila, David Morley, ya zo asibitin mishan na Ilesha. Shi da wata nas mai suna Margaret Woodland suka yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile, suka bi yara tun daga haihuwa suna rubuta abin da ke kashe su. Abin da suka gani shi ne cututtukan da kowa ya sani: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon haƙarƙari, ƙyanda, tari da rashin abinci mai gina jiki. Sai suka buɗe asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda nas-nas da mataimakansu ke ganin yawancin yaran bisa ƙa'idojin da aka koya musu, likita kuma ya ga waɗanda suka gagara. Katin awon nauyin yaro da uwa ke riƙewa a hannunta, wanda ya bazu a duniya, daga wannan aiki ya fito.

A Legas kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsa a cibiyar kula da lafiyar yara suka ɗauki wannan hanya suka mayar da ita rubutacciya. Suka tsara wa nas umarni daki-daki: idan an kawo yaro da kaza, tambayi kaza, duba kaza, idan ka ga wannan ba da wannan magani, gwargwadon shekaru ko nauyi, idan ka ga wancan kada ka riƙe shi, tura shi gaba. Wannan shi ne asalin littafin da ma'aikatan lafiya a matakin farko ke kira Standing Orders, wato tsayayyen umarni. Hikimar littafin biyu ce. Yana ba ma'aikaci izinin yin magani a inda babu likita, don muddin ya bi abin da aka rubuta yana da kariya. Yana kuma shata masa iyaka, ya nuna masa daidai inda hannunsa ya kamata ya tsaya.

A 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sa shirin kai kiwon lafiya karkara cikin tsarin raya ƙasa na uku. Daga nan aka buɗe makarantun fasahar kiwon lafiya a jihohi. A watan Satumba na 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. Cikin abubuwa takwas da suka lissafa har da yin maganin da ya dace ga cututtuka da raunukan yau da kullum. A ƙarshen shekarun 1970 asibitocin koyarwa suka fara kwas na jami'an lafiyar al'umma, kuma da yawa daga waɗanda suka fara shiga nas-nas ne da ungozomomi da suka riga suka yi shekaru a bakin aiki. Suka koma aji musamman don su koyi abin da makarantar jinya ba ta ba su ba, wato sauraron koke, duba jiki, gano cuta da yanke shawara.

Da Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki ƙananan hukumomi 52 a 1986 don su zama abin koyi, aka yi ta tarukan bita a kan rigakafi da gudawa da awon ciki. Manyanmu za su tuna lokacin da rediyo da nas-nas suka cika gari da maganar ruwan gishiri da sukari. A 1992 aka kafa hukumar ƙasa ta bunƙasa kiwon lafiya a matakin farko, da hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma. Sai dai shekarun sun zo daidai da tsuke bakin aljihu na shirin SAP. Ma'aikaci zai dawo daga bita da sabon ilimi, ya tarar da kantar magani babu komai, sai ya rubuta a 'yar takarda a je kemis.

DARASI DAGA MARAƊI DA GARKIDA

Akwai gwaji biyu a yankinmu da suka cancanci a tuna da su, don kowanne ya amsa wata tambaya da ta dami masu koyarwa.

Na farko a jihar Maraɗi ta Nijar. Tun a shekarun 1960 aka fara sa ƙauyuka su zaɓi mutanensu, maza masu taimakon farko da tsofaffin ungozomomi, a ba su horo na kamar kwana goma, a haɗa su da ƙaramin akwatin magani. Suna wanke rauni, suna ɗiga maganin ido, suna ba da maganin zazzaɓi, abin da ya fi ƙarfinsu su tura asibiti. Kwana goma ba wani karatu ba ne, kuma masu shirin sun san haka. Shi ya sa suka ɗora shi a kan nas ɗin asibitin yanki, shi zai riƙa zagayawa yana duba su, ana kuma sake kiransu bita. Inda zagayen ya ɗore aikin ya yi kyau, inda mota ta lalace ko mai ya yanke sai akwatin ya koma ajiyar ƙura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa labarin Maraɗi cikin wani littafi da ta buga a 1975, wanda yana cikin abubuwan da suka share fagen taron Alma-Ata.

Na biyu a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu, inda aka fara shirin lafiyar karkara na Lardin Gabas a 1974. Malaman shirin, ciki har da Dakta David Hilton, sun lura cewa lacca da allo ba sa zama a kan mutumin da bai saba da aji ba, amma labari yana zama. Sai suka mayar da darussan labarai da wasan kwaikwayo da waƙa. A ba da labarin wata uwa da ɗanta mai gudawa, abin da ta yi da abin da ya biyo baya, ɗalibi ya maimaita labarin da bakinsa, ya koma ƙauye ya ba wasu. Ku da kuke koyon rubutu ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ABUBUWAN DA SUKA CANZA A HANNUN MUTUM ƊAYA

Mai karatu zai iya cewa, to zazzaɓi ai zazzaɓi ne, ƙuna ƙuna ce, me zai canza? Bari mu ɗauki nas irin gwaggona, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, mu ga abin da ya sauya a hannunta.

An koya mata cewa duk zazzaɓi a ɗauke shi na cizon sauro ne, a ba da kulorokwin, in ya sa ƙaiƙayi a haɗa da Piriton. A 2005 Najeriya ta sauya zuwa magungunan haɗi da ake kira ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin da ka, a fara gwada jini tukuna, ga kuma ɗan abin gwaji da ake ɗiga jinin yatsa a samu amsa cikin kamar minti 15 zuwa 20. A zazzaɓi mai tsanani ma allurar atesunet ta karɓe gurbin kwinin daga 2011.

A gudawa, ta fara da koya wa iyaye mata haɗa gishiri da sukari a gida da cokali da kwalbar lemo. Aka gano cewa awon yana yawan kuskurewa, wani lokaci gishirin ya yi yawa har ya cutar. Daga 2004 shawarar ta koma sabon haɗin ORS na leda, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

A ciwon haƙarƙari na yara ta saba da Septrin, daga baya aka koma amoksisilin. A cibiyar jariri ta saba da sifirit da auduga, sai ga man kilohesidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa a 2013 kafin a bazu da shi ƙasa baki ɗaya. Allurar analjin, wadda ake yi wa duk mai zafin jiki kamar ruwan sha, hukumar NAFDAC ta haramta ta a 2005.

Haka abin yake a raunuka. A da ana ɗaure saman inda maciji ya sara tamau, a tsaga, a tsotse. Yanzu an san wannan yana ƙara ɓarna, har yakan jawo a rasa hannu ko ƙafa. Abin da ake so shi ne a hana gaɓar motsi a gaggauta zuwa inda ake da maganin dafi. Akwai ma wani gwaji mai sauƙi da David Warrell da abokan aikinsa suka bayyana a shekarun 1970, lokacin da suke nazarin saran kububuwa a Arewacin Najeriya: a zuba ɗan jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsafta, a bar shi minti 20, idan bai daskare ba dafin ya shiga jini. Nas ɗin da ta san wannan ba za ta sallami manomi don ta ga ƙafar ba ta kumbura sosai ba. A ƙuna kuwa, ruwa mai sanyi ake kwararawa na kamar minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma gaskiya ne idan ana maganar ido da hannu da haƙurin tsohuwar nas. Amma duk abubuwan nan da na lissafa babu ko ɗaya da yawan shekaru a bakin aiki zai sanar da ita. Sai wani ya zo ya gaya mata.

SANIN WANDA BA ƘARAMI BA

Mafi wuyar darasi a wannan fanni shi ne tsamo babban ciwo daga cikin ƙanana, don duk da riga ɗaya suke shigowa. A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yaro gaba ɗayansa, wanda ake kira IMCI, Najeriya ta karɓe shi a 1997. Kwas ɗin asali kwana 11 ne, ana haɗa aji da duba yara na gaske. Ana koya wa ma'aikaci kafin komai ya nemi alamun haɗari: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Idan tari ne, a ɗaga riga a ƙirga numfashi na minti guda cif. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Da agogo da ido kawai, nas za ta raba mura da ciwon haƙarƙari.

Tarihinmu yana da misalan abin da ke faruwa idan babban ciwo ya ɓuya. A watan Janairu na 1969 wata nas ta mishan a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu, mai suna Laura Wine, ta fara da ciwon baya da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Aka yi zaton zazzaɓin da aka saba ne. Aka kai ta Jos, a can ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, ta kamu amma ta rayu, kuma daga jininsu aka gano cutar da yanzu duniya ke kira zazzaɓin Lassa. Kusa da mu kuma, daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ta fi ko'ina jin jiki. Yaro zai zo da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi kamar kowane yaro, kuma ma'aikata da yawa a littafi kawai suka taɓa ganin cutar. Dole aka shiga bitar gaggawa, ana nuna musu farar fatar da ke shimfiɗa a maƙogwaro da kumburin wuya.

DAGA GANIN DAMA ZUWA DOLE

Shekaru da yawa bita a Najeriya abin sa'a ce. Wata ƙungiya ko wani shiri zai kawo kuɗi, a kira sunaye, wanda ke kusa da ofis ya je sau biyar, na ƙauye bai je ko sau ɗaya ba. A 2010 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta fara shirin ƙarin ilimi na dole, wanda ake kira MCPDP, ta ɗaura shi da sabunta lasisi. Ma'ana, takardar makaranta ita kaɗai ba ta ƙara isar mutum ya ci gaba da taɓa majinyaci har ritaya. A 2014 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da manufar raba ayyuka, wadda ta amince a hukumance cewa nas da ungozoma da ma'aikacin lafiyar al'umma za su iya ɗaukar wasu ayyukan da a da na wanda ke sama da su ne, da sharaɗin horo da sa ido.

Wannan ci gaba ne babba idan aka tuna da malamin En'e mai jiran rangadi. Amma tsofaffin matsalolin ba su tafi ba, kama suka canza. Yawancin kwasa-kwasan a manyan garuruwa ake yi ko ta intanet, kuma ma'aikaci ne ke biya. Wadda take ita kaɗai a asibitin ƙauye, in ta tafi kwana biyar ƙofa za a rufe. Akwai kuma mai zuwa don takardar shaida kawai, ya sa hannu ya fita. Sannan abin da Maraɗi ta nuna tun tuni yana nan: bitar da babu mai biyo bayanta ya ga yadda ake aiki da ita, ba ta daɗewa take bushewa. Ga kuma ƙaura. A farkon 2024 majalisar ta ce nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma cikin masu tafiyar har da ƙwararrun da ya kamata su tsaya a kan sababbi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na ce za mu dawo kan Garkida. Littattafan da ake koyar da nas da Turanci suke, bitar ma da Turanci ake yi, amma uwar da ke gabanta da Hausa za ta ce yaron yana shan iska da ƙyar, ko cikinsa ya ɗaure, ko an yi masa kamu. Fassarar duk a kan nas take, a tsaye, ga layi yana jira. Kuma abin da aka koya mata a bita ba zai yi amfani ba sai ta iya shawo kan uwar da ta zo neman allura ta yarda da ƙwaya, ko kakar da ta riga ta fasa ƙwai a kan ƙuna. A nan marubucin Hausa yake da aiki. Gajeren labari ko wasan rediyo da aka rubuta da kyau, aka ba ma'aikacin lafiya ya duba kafin a fitar, yana isa zauren da takardar bita ba ta isa.

Sannan mu duba littattafanmu. Sau nawa muka karanta jaruma ta yanke jiki ta faɗi, aka kai ta asibiti, nan take aka ɗaura mata ƙarin ruwa aka yi mata allurar barci, nas kuwa ba ta da aikin da ya wuce tsawa da murguɗa baki? Sau nawa jarumi ya yage rigarsa ya ɗaure saran maciji ya tsotse dafin, marubuci yana yaba masa? Dubban mutane ke karanta mu, wasu kuma abin da suka karanta shi za su yi ranar da abin ya same su. Kafin ka rubuta fitowar asibiti, nemi nas a unguwarku ka zauna da ita rabin awa, ka tambaye ta yadda ake yi yanzu, ka kuma tambaye ta yadda ake yi a da. A amsar tambaya ta biyun za ka samu labarin da ya fi wanda ka zo da shi.

Gwaggona har yau tana ajiye da littafinta na tsayayyen umarni, bangon ya yage, an ɗaure shi da filasta. A shafin zazzaɓi ta ja layi da jan biro a kan kulorokwin, ta rubuta sabon maganin a gefe da kwanan watan bitar. Ta ce ba ta yarda ta yage shafin ba, don ɗaliban da ake turo mata su ga cewa ita ma an taɓa gyara mata.

Wanda a gidansu akwai tsohon malamin asibiti ko nas, don Allah ya tambayo mana abin da ya canza a hannunsa, mu ji. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.